Takardar Gwaggo a Bayan Labule

Sati uku ke nan, amma har yau in aka buga ƙofar gidanmu da ƙarfi sai na leƙa ta tsagar katako kafin in buɗe. Na gwada ba da labarin nan da baki sau biyu, ban kai ƙarshe ba. Shi ya sa na ɗauko ragowar littafin rubutuna na makaranta.

A layinmu na zongon Tamale, unguwar Hausawa, ni kaɗai ce macen da ta yi sakandare. A Kudu na yi ta, shekara huɗu. Da na dawo aka ɗauke ni buga tafireta a ofishin Bature. Mutanen unguwa suka laƙaba mini Awuraba, sunan da mutanen Kudu ke kiran macen da ta yi boko tana sa takalmi. Wasu da wasa suke faɗa, wasu kuwa in sun faɗa sai sun tofar da yawu.

Da aka ce za a jefa ƙuri'a a fitar da wakilin unguwarmu a majalisar gari, kuma mata ma za su jefa, Bature ya ba ni takarda shafi ɗaya. Ya ce in mayar da ita Hausa, in bi gidaje in karanta wa matan da ba sa fita. Takardar ba wuya, ban da kalma ɗaya da ta yi ta dawowa kusan kowane layi: kalmar da Turawa ke faɗa in za a ɗauki ɗaya a bar saura. Na san ta tun ina aji uku, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me take nufi daidai ba. Na buɗe ƙamus ɗina. Ya ce ma'anarta ta farko ɗaukar abu ɗaya daga cikin masu yawa. Ta biyu, fitar da mafi kyau bayan an duba a tsanake. Daga ƙasa ya jero danginta: akwai wadda ake faɗa in an cire ɗan itace daga reshe, akwai ta abin da rai ya fi karkata gare shi, akwai ta ajiye abu gefe guda, akwai ta ɗora mutum a kujera da yardar jama'a. Na rubuta kalmomin Hausa shida a bayan takarda, na kasa tsayar da ɗaya.

Na tafi da su gida wurin Gwaggo. Yayar Babana ce, ita ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata. Unguwar zoma ce, rabin mutanen layinmu a hannunta suka faɗo duniya. Idonta ya mutu shekara takwas da suka wuce, amma har yanzu in haihuwa ta yi gardama ita ake ɗaukowa, don ta ce aikin da ma na hannu ne. Na same ta a tsakar gida da faifai a cinya, tana fitar da tsakuwa daga cikin wake da yatsu.

"Karanto mini," ta ce.

"Tsinta."

"Abin da ya faɗi ƙasa ake tsinta. Mutanen nan biyu da ke neman kujerar a bola aka same su?"

"Warewa."

"Mai ƙyanda ake warewa. Wuce."

"Tantancewa."

"Wannan ta babanki ce da kwandunan goronsa. Fari nan, ja nan, mai tsutsa can. Wane ne mai tsutsar a cikinsu?"

Na yi dariya. Na ce, "Naɗi fa?"

"Naɗi na sani. Manya su shiga ɗaki su rufe ƙofa, su fito da suna ɗaya. Wanda bai samu ba sai ya ce manya ne suka ga dama, ba wanda ya ji kunya. Wannan na Baturenku ba naɗi ba ne."

"Saura biyu. Fifitawa."

Yatsunta suka tsaya a cikin waken. Ta ce, "Wannan ita ce ta gaskiya. Amma kada ki sa ta, ba macen da za ta fito."

Sai na sa ta ƙarshen, wato zaɓe, wadda da ma ita ce ta fara zo mini. Gwaggo ta ce in sa, amma in sani zaɓe a kasuwa ake yi. "Ki zaɓi zane, wanda kika bari bai san kin bar shi ba. Mutum kuwa ya sani."

Mutum biyu ne suka tsaya. Tunda yawancin jama'a ba sa karatu, kowanne aka ba shi alama. Ɗaya ɗan Sarkin Fawa ne, alamarsa kifi. Ɗayan mai motocin lori ne da ke zuwa Kumasi, alamarsa fartanya. A motocinsa Babana ke ɗauko goro, kowa ya san abokinsa ne. Su biyun kuma Gwaggo ce ta yanke musu cibi, wata biyu tsakani. A al'adar aikinta, duk ɗan da ta karɓa nata ne, ba ta ce wa ɗaya ya fi. Ko a suna in an kawo mata nama daga gida biyu rana ɗaya, a tukunya ɗaya take zubawa don kada ta san na wa ya fi daɗi.

Kowannensu ya zo da ƙullin goro a ganye ya durƙusa a gabanta. Mai kifi ya zo da safe, ta shafa kansa ta ce Allah Ya ba shi sa'a. Mai fartanya ya zo da yamma, ta shafa kansa ta ce Allah Ya ba shi sa'a. Kowanne ya fita yana gaya wa mutanensa Gwaggo tasa ce, don an san in ta karkata, mata da yawa za su bi ta.

Ana saura kwana biyu aka tara mu ma'aikatan zaɓen a gaban alƙalin Turawa. Na ɗora hannu a kan Alƙur'ani na rantse ba zan faɗi abin da na gani a bayan labule ba, ko ga ubana. Aka karanta mana cewa wanda ya faɗa, aikinsa ya tafi, kuma yana iya kwana gidan yari. Aikina shi ne in shiga da mace makauniya ko tsohuwar da ba ta iya tafiya, in gaya mata wane akwati ne na wa, sannan in ja baya.

A ajin makarantar firamare aka yi. An raba ɗakin da labulen baƙin yadi. A gaba akwai teburin Bature da tawadar dangwale, da benci inda wakilan 'yan takara biyu ke zaune suna sa ido. A bayan labulen akwatuna biyu ne a kan tebur, ɗaya an liƙa masa hoton kifi, ɗaya fartanya. Za a ba mutum takarda ɗaya, ya shiga shi kaɗai, ya jefa a akwatin wanda yake so. Ba rubutu, ba komai.

Tun hantsi layin mata ya kai gindin mangwaron bakin hanya. Wata ta shiga ta ɗora takardarta a kan akwatin kamar mai ajiye sadaka ta fito. Wata ta tsaya tana yi wa akwatin sallama. Ɗan sandan ƙofa, Badagombe ne dogo, ɗan ƙabilar garin, sai da ya juya baya don dariya. Ni ma na ɗan saki jiki.

Gab da azahar aka kawo Gwaggo. Layin ya buɗe mata. Aka dangwala mata tawada a yatsa, aka ba ta takarda, na riƙe gwiwar hannunta muka shiga.

Na ce a hankali, "Na damanki kifi, na hagunki fartanya."

Ta shafa na dama, ta lalubo bakin tsagar. Ta shafa na hagu. Ta koma na dama. Na ja baya kamar yadda aka koya mana. Sai na ga ta ninke takardar biyu, ta goga ninkin da farce, ta kama gefe da gefe.

Ban yi tunani ba. Na yi tsalle na riƙe mata hannu. Na ce cikin raɗa, "Gwaggo, in kika yaga ta lalace, ba za a ƙirga ba!"

"Sakar mini hannu, yarinya!"

Da ƙarfi ta faɗa, da muryar da take korar maza daga ƙofar ɗakin haihuwa. Har a gaban labule an ji ta. Na saki. Ta yaga takardar, ta jefa rabi a dama, rabi a hagu, ta kakkaɓe hannu. Sannan ta jawo kunnena kusa da bakinta ta ce, "Kin rantse musu, yanzu ki rantse mini. Kada ɗaya cikin 'ya'yan nan nawa biyu ya ji."

Na ce na rantse.

Da muka ɗaga labule, wakilin mai kifi yana tsaye. Mahauci ne gajere mai faɗin ƙirji, mun yi makarantar allo ɗaya da ƙannensa. Bature ya tambaye ni ko lafiya. Na ce tuntuɓe ta yi na riƙe ta. Ya koma kan takardunsa. Wakilin bai zauna ba sai da muka fita, kuma idonsa na kaina har ƙofa.

Washegari da safe aka faɗi sakamako: mai fartanya ya ci, da tazara kaɗan. Kafin rana ta take, maganar ta zaga mahauta da tashar mota. Wai Awuraba ta ja hannun makauniya ta kai akwatin abokin ubanta, har tsohuwar ta yi kururuwa kowa ya ji. In ta yi wa gwaggonta haka, tsofaffi nawa ta yi wa? Mai kawo mana koko ce ta gaya wa matan gidanmu, ta ajiye ƙwaryar ta tafi ba ta zauna ba.

Gwaggo kuwa ba ta gida. Da asuba wani manomi ya zo daga ƙauyen Gurugu, matarsa kwana biyu tana naƙuda, ya ɗauke ta a bayan keke. In ta tafi irin wannan, sai ta ga uwa da ɗa sun daidaita take dawowa.

Bayan azahar muka fara jin su. Da farko kamar hayaniyar kasuwa daga nesa, sannan na fara tsinkayo sunan nan nawa a ciki. Matan gida suka kwashe yara suka shige ɗaki ɗaya. Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, ya fita ya tsaya a bakin zaure, ya ja ƙofar ta rufu a bayansa. Na laɓe ina leƙe ta tsagar katako. Sun kai talatin. Yawancinsu mahauta ne, daga wurin aiki suka taso, da jini a riguna da wuƙaƙe a ƙugu. Na san haka suke yawo kullum, na sha sayen nama a hannunsu, amma a ranar ban iya ɗauke ido daga ƙugunsu ba. Mai kifi yana tsakiya. Wakilinsa ne mai magana.

"Alhaji, ba da kai muke ba. Fito mana da 'yar sukuru, 'yar bokon nan."

"Me ta yi muku?"

"Ita ta sani. Da kunnena na ji."

"Ku kai ƙara ofis."

"Ofishin wa? Na ubangidanta? Ita za ta buga ƙarar a tafireta ta sa a aljihu!"

Aka yi dariya mara daɗi. Wani daga baya ya ce, "Awuraba, fito da takalminki mu gani!" Wani ya ce an kai ta Kudu an koya mata sata da alƙalami. Sai dutse ya sauka a kan kwanon zaure, ƙarar ta cika gidan, yara suka fashe da kuka. Na biyu ya sami Baba a kafaɗa. Na ga ya dafa bango, hularsa ta faɗi, bai sunkuya ya ɗauka ba.

Ban san lokacin da na zare sakata ba. Na dai ga kaina a waje, ba takalmi, mayafina a hannu. Baba ya ce, "Koma ciki," ban koma ba.

Wakilin ya matso har ina jin ƙarnin rigarsa. "Tambaya ɗaya. Ina takardar Gwaggo ta shiga?"

"Na rantse, Yaya. Ba ni da ikon faɗa."

"Kun ji ko? Ta rantse!" Ya juya ga jama'a. "Kin riƙe mata hannu ko ba ki riƙe ba?"

"Na riƙe."

Hayaniyar da ta tashi ba zan iya kwatanta ta ba. Suka matso gaba ɗaya. Baba ya shiga tsakani, wani ya ture shi. Na ji ana cewa a kawo kananzir. Na ce su jira Gwaggo ta dawo su tambaye ta, ba wanda ya ji, ko ni ban ji muryata ba. Na tuna alƙali da gidan yari, na tuna bakin Gwaggo a kunnena. Sannan na ga Baba a ƙasa yana neman tashi, wani ya taka masa gefen riga.

"Yagawa ta yi!"

Sai da na faɗa sau uku kafin na gaba suka yi shiru.

"Ta yaga takardar biyu. Rabi a naku, rabi a nasu. Na riƙe ta ne don in hana ta. Wallahi, tallahi, abin da ya faru ke nan."

Wani ya ce ƙarya ce. Amma wakilin ya ja da baya. Bakinsa a buɗe, yana kallon ƙasa. Mai kifi ya yi magana karo na farko, ya ce masa, "Kai kana wurin ƙirga. Faɗi."

Wakilin ya sosa ƙeya. Ya ce da aka zazzage akwatinsu, rabin takarda ya fito, Bature ya ɗaga ya nuna musu ya ajiye gefe. Da aka zazzage ɗayan ma haka. Shi ya ɗauka ɓera ne, ko wani mahaukaci.

Wani dattijon mahauci ya fara dariya, ya ce, "Wallahi ita ce. Ba mai yin wannan sai ita." Dariyar ta bi ta cikinsu kaɗan kaɗan. Wanda ya taka rigar Baba shi ya ɗaga shi, wani ya kakkaɓe hular ya miƙa masa da hannu biyu. Na baya suka fara zamewa kamar ba su ne suka zo ba.

Mai kifi kaɗai bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Rabi ta ba ni."

Na ce, "Shi ma rabi ta ba shi, Yaya."

"Na ji." Ya ba Baba haƙuri a gajarce, ya ce zai aiko da mai ɗori ya duba kafaɗar. Ya juya ya tafi shi kaɗai, ba ta hanyar da mutanensa suka bi ba.

Da na shiga gida na zauna a bakin rariya. Har la'asar ina nan zaune, matan gida suka lulluɓe ni da zane biyu a cikin wannan zafin.

Ran Litinin ban jira wani ya kai ni ba, na je na gaya wa Bature da bakina cewa na karya rantsuwa a gaban mutum talatin. Ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Ya ce in rufe tafireta in tafi gida, zai rubuta wa na sama da shi, in jira amsa. Har yau ina jira. Duk keken da ya tsaya a ƙofarmu sai in ɗauka masinjan kotu ne.

Gwaggo ta dawo ran Talata, an sami ɗiya mace. Tun a hanya aka ba ta labari. Na durƙusa a gabanta na fara magana, ta ɗaga hannu. Ta tambayi kafaɗar Baba. Ta sa aka kawo shi ta lalube ta da kanta, ta ce ba karaya. Sannan ta ce, "Da na bar takardar a ɗaurin zanena na fito da ita, da ba a jefi ƙanena ba. Ban san labulen yana da kunne ba." Ni ba ta ce mini komai ba game da rantsuwar, ko a ranar ko bayanta.

Tun suna yara, mai kifi da mai fartanya kan biyo ta gidanmu bayan sallar Juma'a su gaishe ta, ko da a tsaye ne. Juma'ar da ta biyo baya ta sa na shimfiɗa mata tabarma a zaure. Mai fartanya ya zo da mutanensa, ya durƙusa yana dariya, ya ce ashe rabin ƙuri'a ma tana kai mutum majalisa. Ta sa masa albarka ya tafi. Ta ci gaba da zama, fuskarta na fuskantar ƙofa. Duk takun da ya doso sai ta ɗaga kai, in ya wuce ta sauke. Na zauna a bayanta ban iya tashi ba. Aka kira la'asar, aka idar, masu dawowa daga masallaci suka gama wucewa.

Ta ce, "Naɗe tabarmar."

Juma'a biyu ke nan bayan wannan, mai kifi bai zo ba. Jiya ma ta sa na shimfiɗa.